Wace roba ce za ta jure dutse da ranar Saudiyya? Jagora ga masu ƙera wa motar rimot mai hawa dutse kaya

Wata Juma'a ce a Jidda, tsakiyar bazara. Na yi kwana biyu ina buga wa motata mazaunin batir da ƙaramar bamba a firintar 3D, suka fito tas, na ɗaura su, na sa ta a but ɗin babbar motata da niyyar in la'asar ta yi sanyi mu fita wajen gari. Na yi sallah, na ci abinci a gidan wani ɗan'uwa, na dawo na buɗe but. Mazaunin batir ya murɗe kamar ganda a wuta, ramukan sukuru sun buɗe baki, bambar ta sunkuya ƙasa. Motar ko dutse ɗaya ba ta taka ba. Da robar PLA, wadda aka fi bugawa a firintar 3D, na yi su, kuma tun ranar na daina tambayar "wace roba ce ta fi ƙarfi". Tambayar da nake yi yanzu ita ce: me zai kashe wannan ɓangaren, kuma wace roba ce ba ta tsoron abin?

Ina magana ne a kan motoci masu girman kashi 1 cikin 10 na motar gaske, irin su Traxxas TRX-4 da Axial SCX10, duk da yawancin abin da zan faɗa ya shafi ƙanana irin SCX24. Waɗannan ba motocin gudu ba ne. Rarrafe suke yi, suna jan ciki a kan dutse, taya ɗaya a sama ɗaya a rami, wani lokaci su kife su gangaro. Wahalar da kayansu ke sha daban take da ta motar tsere.

Mataki na farko: kifa motar ka karanta cikinta

Kafin ka kashe riyal ɗaya, ka ɗora motar a tebur ka kife ta. Dutse ya riga ya rubuta maka inda matsala take. Inda ka ga ƙarce dogaye, gogayya ce: farantin da ke kare ciki, sandunan da ke riƙe aksul, ƙasan bamba. Inda ka ga tsagewa ko farin tabo a jikin roba, duka ne ko lanƙwasa fiye da kima. Inda sukuru ke yawan kwancewa ko rami ya zama kamar ƙwai, nauyi ne mai dannawa kullum, kamar mazaunin sarbon sitiyari (ɗan injin da ke juya tayoyin gaba) da wurin da shokozoba ke kamawa. Sai abin da ba ya barin ƙarce, wato zafi: duk abin da ke maƙwabtaka da injin motar, da duk abin da rana ke duka kai tsaye.

Ka rubuta ɓangaren da kake son ƙerawa, ka rubuta babban abokin gabansa guda ɗaya a gefe. Guda ɗaya kawai. In ka ce kana son robar da za ta yi santsi, ta yi tauri, ta lanƙwasu, ta kuma karɓi gam da fenti, ba za ka same ta ba.

Mataki na biyu: fara tankaɗe su da zafi

Mafi yawan shawarwarin da za ka ji a kan wannan sana'a daga ƙasashen sanyi suka fito, inda mutum zai yi shekara da kayan PLA bai ga komai ba. Mu nan lissafinmu daban ne. A watan Yunin 2010 an auna zafi digiri 52 a Jidda, kuma ko a ranar da ba ta kai haka ba, cikin motar da aka rufe a rana yana wuce digiri 60 ba wahala. Baƙin dutse da tsakar rana ba ya taɓuwa da hannu.

Kowace roba tana da zafin da take fara sakin jiki tun kafin ta narke. PLA tana fara laushi tsakanin digiri 55 da 60. PETG tana kai wa wajen 80. ABS da ƙanwarta ASA suna jurewa har kusan 100 zuwa 105. Robar Lexan, wadda sunanta na kimiyya folikabonet, sai kusan 147. Delrin ba ta narkewa sai wajen 175. Da wannan kaɗai ka ga PLA ta faɗi jarabawa. Ban ce ka jefar da ita ba. Tana da araha, tana fita da kyau, ba ta ba da wahala a firinta. Ni da ita nake buga gwaji, in ɗora a mota in ga ko ramuka sun zo daidai, in gyara zane sau uku ko huɗu, sannan in buga na gaske da wata roba.

In ka samu robar da ba ka san asalinta ba, ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Yanki ɗan siriri mai tsawon yatsa, ka ɗora bakinsa biyu a kan katakai biyu, ka ɗaura noti mai ɗan nauyi a tsakiya, ka bar shi a dashbod daga azahar zuwa la'asar. In ka dawo ka tarar ya yi ciki, ba ta dace da ƙasar nan ba. Tunda maganar mota a rana ta zo, batirin LiPo, wanda motocin rimot ke aiki da shi, kam kada ka taɓa barin sa a ciki ko na awa ɗaya. Wannan maganar gobara ce, ba ta lalacewar kaya ba.

Launi ma yana da tasiri. Baƙar roba tana shan zafi fiye da fara ko ruwan toka, don haka abin da zai zauna a saman mota nakan zaɓa masa launi mai haske in hali ya yi.

Mataki na uku: ƙasan mota, inda santsi ya fi ƙarfi daraja

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne roba ta fi ƙarfe amfani, kuma nan ne ba ka bukatar firinta ko kaɗan. Zarto, injin huda, magagari da sanfefa sun wadatar.

Idan cikin mota ya hau kan dutse, abu biyu ke faruwa: ko ya zame ya wuce, ko ya kafe tayoyi su yi ta juyi a iska. Alminiyam yana da laushi a gaban dutse, dutsen yana cizon sa ya riƙe. Roba mai santsi kuwa zamewa take yi. Wanda ya taɓa tuƙi a baƙaƙen duwatsun Harrat Rahat da ke kudu da Madina, ragowar aman wutar da na ƙarshensa ya faru a 1256, ya san yadda suke da kaushi kamar magagari. A can ne bambancin yake fitowa fili. Manyan duwatsun Ɗa'ifa da Hada sun fi su sulɓi, amma su ma suna kama alminiyam.

Sarauniyar wannan wuri ita ce Delrin. Tana da tauri, tana da santsi, ba ta shan ruwa sosai, tana yankuwa da huduwa cikin tsabta, kuma zaren sukuru yana zama a jikinta daram. Ana samun ta a sanda ko a faranti, fara ko baƙa, a shagunan kayan injiniya da wajen masu injin gurza ƙarfe a unguwannin sana'iyya, wato na masu sana'ar hannu da gareji. Ka tambayi ragowar yanka, domin guntun da suka ajiye a gefe zai yi maka faranti biyu.

In ba ka same ta ba, ka shiga sashen kayan girki ka sayi farin allon yankan nama na roba. Ka duba bayansa: in akwai lamba 2 a cikin alamar kibiyoyi uku, HDPE ce, kuma ita muke so. Ta fi Delrin laushi, tana ƙarcewa da wuri, amma santsinta ba laifi, ba ta kuma karyewa. Kauri milimita 8 zuwa 10 ya yi wa farantin ciki. Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce: jefa guntu a kofin ruwa. HDPE tana yawo a sama, Delrin tana nutsewa nan take, domin nauyinta ya kusa ninka na ruwa sau ɗaya da rabi.

Ga yadda nake yin farantin. Ina ciro tsohon, in ɗora shi a kan robar, in zana gefensa da ramukansa. Ina fara huda ramuka kafin yanka, saboda babban yanki ya fi daɗin riƙewa. Ramin da sukurun M3 (mai kaurin milimita 3) zai wuce ta ciki milimita 3.2 nake yi masa. Wanda sukurun zai kama a jikin robar kuwa 2.5. Ta ɓangaren da ke kallon ƙasa, dole ka faɗaɗa bakin kowane rami yadda kan sukuru zai nutse ya ɓace. Kan sukuru ɗaya da ya leƙo ya isa ya rataye motar a kan dutse, ya ɓata duk aikin. Daga nan sai ka goge bakin gaba da na baya su kwanta kamar gaban kwalekwale, ka bi da sanfefa har hannunka ya daina jin kaifi. Ka riƙa huda a hankali, kana ɗaga bakin injin yana fitar da ɓarɓashi. In ka matsa, robar za ta yi zafi ta narke ta kama. Delrin in ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai yaji a ido da hanci, mai cutarwa, don haka ka yi aikin a inda iska ke shiga.

Sandunan da ke riƙe aksul ma ana yin su da Delrin, kauri milimita 8 ko 10. Ka yanka daidai da tsawon tsohuwar bayan ka cire kawunanta, ka huda kowane baki a tsakiya da milimita 3.3, zurfin kamar milimita 20, ka ɗaura sukuru marar kai na M4, sannan ka mayar da kawunan. Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne huda ta karkace. Ka matse sandar a tsaye, kada ka riƙe ta da hannu. Sandunan ƙasa biyu dole su zo daidai da juna, in ba haka ba motar za ta riƙa tafiya a kaikaice. Ra'ayina a kan sandar sitiyari kuwa, ka bar ta ta ƙarfe. Delrin tana ɗan ba da baya, kuma lokacin da taya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, ƙarfin da sarbo ya tura zai ƙare a lanƙwasa sanda maimakon juya taya.

Abu ɗaya da Delrin da HDPE suka yi tarayya a kai: gam ba ya kama su, fenti ma haka. Kada ka ɓata sufa gulu. Sukuru da noti ne kawai maganinsu.

Mataki na huɗu: abin da sai an buga a firinta

Akwai siffofin da zarto ba zai fitar ba, kamar mazaunin batir, akwatin risiba (na'urar da ke karɓar saƙon rimot), murfin tayoyi na ciki, maƙalar fitila. Ga wanda ke farawa, PETG ce zan nuna masa. Bakin firinta digiri 230 zuwa 250, farantin firintar da aikin ke zama a kai 70 zuwa 85, ba ta bukatar rufaffen akwati, kuma takan ɗan lanƙwasa kafin ta karye. Digiri 80 ɗinta yana tsallake zafin but a yawancin ranaku, amma ban yarda in sa ta manne da injin motar ba, domin injin da ya sha hawa yana kai digiri 70.

Abin da zai zauna a rana, kamar kwandon saman rufi da madubai da bambar ado, ASA ce ta dace da shi. ABS tana da juriyar zafi iri ɗaya, sai dai hasken rana yana sa ta rawaya ta yi gautsi da tafiyar lokaci, ASA kuwa don waje aka yi ta. Dukansu biyu suna da hali a wajen bugu: faranti sai ya kai kusan digiri 100, kuma iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, in ta bugi aikin, gefensa zai ɗaga ya tsage. Ka rufe firintar da akwati, ka kuma ajiye ta a ɗakin da ba a kwana, saboda warinsu ba na shaƙa ba ne.

Nailan shi ne gwarzo a wajen duka da murɗa. Yawancin kayan robar da kamfanoni ke sa wa motocin nan da shi ake yi. Amma mashayin ruwa ne, daga iska ma yake tsotsa, kuma wannan ya raba mu gida biyu. Mutumin Jidda ko Dammam, inda danshin teku ke jiƙa gilashin mota da dare, in ya bar zaren nailan, wato robar da ake zura wa firinta, a buɗe kwana ɗaya, zai ji yana tartsatsi a bakin firinta, aikin ya fito da kumfa ba ƙwari. Dole ya gasa zaren a digiri 70 zuwa 80 na aƙalla awa shida, ya kuma buga shi daga cikin rufaffen mazubi. Nau'in nailan na PA12 bai kai na PA6 shan ruwa ba, ya fi sauƙi ga mazauna gaɓar teku. Mutumin Riyad, mai zuwa gindin tsaunin Tuwaiƙ, ajiyar zare ba ta cika ba shi wahala ba, amma tasa matsalar tana zuwa bayan bugu: busasshen nailan ya fi gautsi, sai ya sha ɗan danshi yake samun jimirin da aka san shi da shi. Shi ya sa tsofaffin hannu ke jiƙa sabbin kayan nailan a ruwan zafi kafin su ɗaura.

Zaren da aka cuɗa da garin kabon yana ƙara tauri, yana kuma rage murɗewa a wajen bugu, amma yana cinye bakin firinta na tagulla cikin ɗan lokaci. Sai ka canza zuwa na ƙarfe mai tauri. Ka sani kuma tauri ba jimiri ba ne. Irin wannan ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi.

TPU mai lamba 95A ita ce mai taushi kamar takalmin roba. Da ita ake yin madogarin cikin taya, da murfin laka, da duk abin da kake so ya sha duka ya dawo yadda yake. A hankali ake buga ta.

Ko wace ka zaɓa, yadda ka kwantar da aikin a faranti ya kusa fin nau'in robar muhimmanci. Firinta shimfiɗa take yi hawa-hawa, kuma rauni yana tsakanin hawa da hawa, kamar yadda itace ke tsagewa ta bin jijiya. Ka kwantar da abin yadda ƙarfin da zai ja shi zai bi tsawon shimfiɗar, ba ya nemi raba ta ba. Ka ƙara kaurin bango zuwa zagaye 4 ko 6. Wannan ya fi cika ciki da roba amfani. Kowace kusurwa ta ciki ka zagaye ta a zane, domin daga kusurwa mai kaifi tsaga ke farawa.

Giyoyin cikin giyabos da na aksul kada ka buga su, ka saya.

Mataki na biyar: bodi

Lexan ce ke yin bodi marar nauyi, kauri milimita 1 zuwa 1.5. Wani abin da ba kowa ya sani ba: kamfanin General Electric na Amurka ne ya fito da ita a shekarun 1950, amma a 2007 kamfanin SABIC na nan Saudiyya ya sayi sashen robarsa, sunan Lexan ya dawo hannunsa. Ana tsaga ta da reza a lanƙwasa ta ɓalle, a wanke da sabulu, a yi fenti ta ciki da fentin da aka yi dominta, ana fara da launi mai duhu. Fentin gama-gari ɓarewa yake yi in bodin ya lanƙwasa.

Hattara da masu yin allon talla: robar gilashin da suka fi sayarwa akirilik ce, a ido kamar Lexan, amma faɗuwa ɗaya take tarwatsewa. Ka karɓi guntu ka lanƙwasa da filaya. In ta ɓalle da ƙara, ka bar musu kayarsu.

Mai son bodi mai kama da motar gaske, irin tsohuwar Land Cruiser ta 'yan sahara, da farantin robar sitirin zai yi aiki, kauri milimita 1 zuwa 2. Yana yankuwa da reza, gam mai narkarwa yana haɗe shi ya zama abu ɗaya, yana karɓar fenti da kyau. Aibinsa nauyi ne a sama, kuma ba ya son zafin mota a rufe.

Mataki na shida: ɗauri

Aiki mai kyau da yawa a nan yake mutuwa. Ruwan nan shuɗi da ake ɗiga wa sukuru don kada ya kwance na ƙarfe da ƙarfe ne. In ya taɓa ABS ko Lexan yana tsattsaga su. A roba ka yi amfani da noti mai zoben nailan a ciki. Inda za ka riƙa kwancewa kana ɗaurawa, kamar murfin batir, ka dasa ƙaramin gidan sukuru na tagulla da bakin ƙarfen soda. Ka sa washa a ƙarƙashin kan sukuru, ka ɗaure da hannu, da ka ji ya zauna ka tsaya. Roba tana matsewa a hankali ƙarƙashin ɗauri, musamman nailan da HDPE a lokacin zafi, don haka bayan fita biyu ka sake bin sukurorin.

Man giris a wuraren da ke buɗe, a ƙasar yashi, sanfefa kake haɗawa. Delrin da nailan suna aiki a bushe, ka bar su haka.

Mataki na bakwai: nauyi, da abin da ka yarda ya karye

Motar hawa dutse tana son nauyinta a ƙasa, kuma a ɗan rinjaya gaba, kamar kashi 60 gaba 40 baya. Tagulla ta ninka roba nauyi sau shida zuwa takwas. Saboda haka tagulla ta tafi can ƙasa kusa da tayoyin gaba, roba ta hau sama. Duk giram ɗin da ka rage daga rufi, za ka gan shi a gangaren da motar ta tsaya ba ta kife ba.

Sannan ka zaɓi wurin da zai karye. Ƙarfin faɗuwa ba ya ɓacewa. In ka ƙarfafa bamba da ƙarfe, zai wuce ya lanƙwasa shasi, in ka ƙarfafa komai na sitiyari, zai kakkarya haƙoran sarbo mai tsada. Ni maƙalar bamba da sandunan da ke riƙe bodi nake bari su zama masu rauni, na PETG, kuma kullum akwai biyu-biyu a jakata. In sun karye, minti biyar ne na canza.

Ranar gwaji, kada ka canza abu biyu lokaci guda. Ka samu dutse ɗaya da ka sani, ka bi layi ɗaya sau biyar da tsohon kaya, sau biyar da sabo. Mu nan da bazara bayan asuba muke fita, ko mu hau Ɗa'ifa inda iska ke da sanyi. In ka dawo gida ka wanke ƙurar, ka haska fitilar waya a kan ɓangaren. Farin tabo a kusurwa yana nufin wurin na bukatar kauri ko zagaye. Tsaga mai bin shimfiɗa tana nufin ka juya kwanciyar bugun. Ramin da ya faɗaɗa yana neman washa ko gidan tagulla. In kuwa ba tabo ba tsaga amma siffar ta sauya, zafi ne, sai ka hau zuwa robar da ke gaba: daga PETG zuwa ASA, daga ASA zuwa nailan ko yankakken Delrin.